Doka ta Uku

Malama mace ce wadda in ka ce mata gari ya waye, sai ta ɗaga labule ta duba kafin ta yarda. Ba mugun hali ba ne, aiki ne ya mai da ita haka. Shekara goma sha shida tana koyarwa a sakandare, ta ga satar amsa a tafin hannu, ta gani a cikin safa, ta gani a bayan rula, har ta kai in ɗalibi ya yi atishawa a ɗakin jarrabawa sai ta bi wanda ya ce masa sannu da ido. Abu na biyu da aka san ta da shi kuwa shi ne musu. Ko bango ta samu, in ya tsaya mata, za ta ja da shi.

Wannan son musun ne ya sa ta kafa zauren muhawara a intanet. Ɗalibai ashirin da uku ne daga makarantu bakwai, yawancinsu ba ta taɓa ganin su ido da ido ba, kowa kuma da laƙabin da 'yan zauren suka liƙa masa. Duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma takan zauna a teburin falo, ta ɗora kwamfuta a kan ƙamus biyu don kyamara ta daidaita da fuskarta. Ƙanwarta Auta, wadda ke aiki a shagon buga takardu kuma suke zaune gida ɗaya, ita ke shigar da masu shigowa, ta riƙe agogo, ta kashe makirufon duk wanda ya zarce minti huɗu.

Dokokin zauren uku ne, Malama ce ta tsara su, kuma tana alfahari da su kamar ita ta haife su. Ta ɗaya, ba wanda zai san batun muhawara sai saura minti ashirin a fara, sannan a jefa ƙuri'a a ga masu goyon baya da masu suka. Ta biyu, kyamara a kunne, hannuwa a fili. Ta uku, ba ɗalibin da zai tura wa alƙali, wato ita Malama, ko mai agogo saƙo a keɓe har zangon ya ƙare. Wanda ya turo, ba za a buɗe ba. Malama ta ce daga “barka da hutawa” ake fara neman alfarma, don haka ta ware wa irin waɗannan saƙonni wuri a wayarta, suna taruwa ba ta ko leƙa su.

A ƙarshen wannan zangon zauren zai tura mutum ɗaya tak zuwa babbar gasar makarantu, kuma masu shirya gasar za su rufe karɓar suna ranar Lahadi. Kowa ya ɗauka kujerar ta Lauya ce, wani dogon saurayi mai murya kamar ta mai karanta labarai, wanda ya saba cinye zauren tun bara. Sai ga Allura.

Allura 'yar ƙaramar yarinya ce mai tabarau, da a baya sai an roƙe ta take ɗaga murya. Bayanta kullum labule ne mai ruwan ƙasa da gefen wata tsohuwar kabad. A makon da aka yi batun soke aikin gida ta ci. A makon hana motoci shiga tsakiyar gari ta ci. A makon rigar makaranta ta sake ci, kuma ba cin da ya dami Malama sai yadda take yin sa. Sauran yara sukan zo da hujja ɗanye, ana ganin alamun minti ashirin a jikinta. Allura kuwa takan zo da hujja nunanniya, ta san inda za a sare ta, ta riga ta toshe wurin.

Lauya ne ya fara fasa ƙwan a gaban kowa.

“Malama, ba ina zargin kowa ba ne,” ya ce, da irin muryar mai zargin wani, “amma wasu kamar sun kwana da batun nan.”

Malama ta tsawatar masa, ta ce a zauren nan hujja ake kawowa ba raɗa ba. Amma bayan an rufe kwamfuta maganar ta zauna mata a ƙirji, domin abin da ya faɗa shi ne abin da ta kwana biyu tana gani tana kau da kai. Ruwa ba ya tsami banza. Ta lissafa hanyoyin da batu zai bi ya fita. Ita ke zaɓen sa ita kaɗai, ranar Juma'a da la'asar, ta rubuta a wani koren littafi ta sa a durowar teburin. Gidan kuwa mutum biyu ne: ita da Auta.

Tun daga nan ta fara kallon ƙanwarta da wutsiyar ido. Auta ta yi dariya tana kallon waya, Malama ta ce da wa? Auta ta goge teburi, Malama ta lura hannunta ya daɗe wajen durowa. Ta tuna cewa Auta ce ta fara cewa yarinyar nan Allura tana ba ta tausayi, a riƙa ba ta dama. Ta tuna wata Asabar da agogo ya kai minti huɗu da daƙiƙa tara kafin a kashe wa Allura makirufo. Abubuwan da a da ba komai ba ne, yanzu duk suka jeru suna nuna hanya ɗaya.

Wurin da kawai take samun sauƙin wannan tunani shi ne cikin tasin Baba Direba. Shekara biyu ke nan yana ɗaukar ta ƙarfe bakwai na safe daga bakin layinsu zuwa makaranta, tafiyar minti ashirin da biyar in danja ta yi musu kirki. Dattijo ne mai furfura a gemu, motarsa na warin man goge kujera, kuma wajen musu shi ma ba kanwar lasa ba ne. Malama na baya, shi yana gaba, ta madubi suke hararar juna. Duk abin da ya taso mata a makon shi za ta jefa masa, shi kuma ko da ra'ayinsu ɗaya sai ya koma ɗaya gefen don kada tafiya ta yi shiru. Bai san komai game da zaurenta ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa ko 'ya'yansa nawa ba. Musun ya ishe su.

Ranar Laraba ta shiga motar da fushin takardun sakamako da ta wuni tana cikewa jiya.

“Baba, wannan jera yara da ake yi, na ɗaya, na biyu, har na arba'in, zalunci ne tsagwaronsa.”

“Ikon Allah! To in ba a jera ba, ta yaya rago zai san shi rago ne?”

“Wanda ya auna yara arba'in da takalmi ɗaya mai lamba talatin da takwas, takalmin ya auna, ba yaran ba.”

Baba Direba ya yi dariya har da buga sitiyari. “Kin iya tsara ta, Malama. Amma ko mai sayar da takalmi sai ya san ƙafar wa ta fi ta wa, in ba haka ba kowa ya tafi gida da ɗingishi.”

Suka ja har ƙofar makaranta. Maganar takalmin ta yi wa Malama daɗi ƙwarai, irin daɗin da mutum ke ji in bakinsa ya riga tunaninsa, don haka da aka tashi tara ta rubuta ta a wayarta kada ta ɓace.

Ranar Juma'a ta ɗana tarko. Ta buɗe koren littafin ta rubuta batun ƙarya, wai a hana sayar da lemon kwalba a makarantu, ta mayar da shi durowa, ta ɗora wani siririn baƙin zare a bakin durowar yadda ko kaɗan aka ja zai faɗi. Batun gaskiya kuwa ta bar shi a kanta. Ba ta sha wahalar nemo shi ba, yana nan a saman zuciyarta kamar yadda batu ke zuwa mata kowane mako: a daina jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ta ji daɗin dabararta. In Allura ta zo a shirye da lemon kwalba ta yi kame-kame a kan sakamako, to an kama ɓarawo da mai buɗe masa ƙofa.

Da safiyar Asabar zaren na nan yadda ta bar shi. Wannan bai kwantar mata da hankali ba, sai ma ta ce a ranta ashe Auta ta fi ta wayo, ta ga zaren ta mayar.

Ƙarfe huɗu saura minti ashirin ta tura batun. Aka jefa ƙuri'a, Lauya ya faɗa masu goyon baya, Allura ta faɗa masu suka. Fuskoki suka jeru a allon kwamfuta cikin ƙananan akwatuna, wani sabis na yanke masa, wata ƙanenta na leƙowa ana kora. Lauya ya yi magana minti huɗu cif, da ƙarfi da yarfa hannu, hujjar dai ta minti ashirin ce. Sannan Auta ta kunna wa Allura.

Yarinyar ta gyara tabarau. Yau ba ta kalli takardarta ba, ta kalli kyamara kai tsaye, kamar Malama kaɗai take yi wa magana.

“Na san akwai mai cewa,” ta fara a hankali, tana rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, “wanda ya auna yara arba'in da takalmi ɗaya mai lamba talatin da takwas, takalmin ya auna, ba yaran ba. Amma ko mai sayar da...”

Malama ba ta ji sauran ba. Talatin da takwas! Ko lambar ba a canja ba. Maganar nan a wayarta take, wayar kuma, ban da ita, mutum ɗaya ne a duniya ya san lambar sirrinta. Ta miƙa hannu ta gaban Auta ta kashe makirufon da kanta.

“Tsaya nan,” ta ce. “Wa ya ba ki wannan maganar?”

Bakin Allura ya motsa ba sauti. Auta ta kunna mata.

“Malama, don Allah ki duba saƙona. Na turo miki...”

“Saƙo? A keɓe? Ashe har doka ta uku ma kin taka. Tambayarki nake a gaban kowa: kin san batun nan kafin yau, ko ba ki sani ba?”

Akwatuna ashirin da biyu suka tsaya cak, har mai matsalar sabis ya daidaita.

“Na sani,” in ji Allura. “Amma Malama, ba a nan ya kamata in faɗi yadda...”

“Ya isa. A zauren nan ba ma zama da mai satar amsa.”

Ta danna, akwatin mai labule ruwan ƙasa ya ɓace, sauran suka matsa suka cike gurbinsa. Tana rufe zauren ta buɗe takardar gasar ta cike sunan Lauya ta tura. Ta ji zafi, ta kuma ji wani abu mai kama da daɗi, daɗin wanda zatonsa ya tabbata.

Sannan ta juya kan Auta.

“Ke kuma, tun yaushe kike shiga wayata?”

Auta ta ajiye agogon a hankali. “Yaya, ni kike nufi?”

“Mu nawa ne a gidan?”

“Zaren da kika sa a durowa ma na gani, na yi shiru, na ce ko tsufa ne ya fara taɓa ki. Ashe ni ake farauta.” Ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. “Shekara biyu ina ba ki Asabar ɗina kyauta. Ki canja lambar wayarki, ki nemi mai riƙe miki agogo. Kuma da kin bar yarinyar nan ta ƙarasa maganarta, da ba abin da zai rage ki.”

Ranar Lahadi gidan ya wuni ba mai ce wa wani uffan. Masu gasa suka turo cewa sun karɓi suna, an rufe.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai Malama ta shiga tasi, ta gaida Baba Direba, ya amsa a taƙaice. Suka wuce gidan mai, suka wuce danja ta farko, bai tanka ba. Ta jefa masa maganar masu ajiye mota a kan hanya, abin da a kullum yake tayar masa da jijiyar wuya, ya ce, “Haka ne.” Malama ta dubi madubi. Idanunsa sun yi ja.

“Baba, lafiya kuwa? Yau ka bar ni na ci ba gardama.”

Ya numfasa. “Gida ne ba daɗi, Malama. 'Yata ce, ta biyun. Tun shekaranjiya ta rufe kanta a ɗaki, ko ruwa sai uwarta ta matsa mata. Wata ƙungiyar muhawara take yi a waya, ta sa abin kunne ta zauna gaban kabad tana ta zuba. Yarinyar da a da ko baƙo ba ta iya gaisarwa! Har muna cewa ga ta nan za ta je babbar gasa. Sai malamar tasu ta kore ta, wai ta saci amsa. A gaban yara ashirin da wani abu ta kira min 'ya ɓarauniya.”

Malama ta ji jakarta ta yi nauyi a cinya.

“Kuma wai laifina ne,” ya ci gaba, yana kaɗa kai. “Kin san ni, in na koma gida muna cin abinci sai in kwashe musun da muka yi da ke in zuba musu, in yi muryarki in yi tawa, yara su yi ta dariya. Malama Mai Musu suke ce miki a gidana. To wai abin da nake kawowa shi ke fitowa a muhawararsu. Ta sha ce min in daina, na ce ba a haifi mai hana ni musu a gidana ba. Ni ina ruwana da abin da ke cikin waya? Na ce ta gaya min wace ce malamar in je in same ta, ta ce a'a, ba ta so a ci mata mutunci. Ki ji fa! Ita aka ci wa mutunci, ita ke kare na wata.”

Aikin gida. Motoci a tsakiyar gari. Rigar makaranta. Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta tuna safiyar da ta yi shi a kan wannan kujerar, ta tuna inda danja ta tsayar da su ana tsakiyarsa. Ita da take ganin batu na sauko mata ne ranar Juma'a da la'asar, ashe tun Laraba take yawo da shi a baki. Ta sa zare a durowa, ta hana ƙanwarta sakat, alhali ƙofar da ke buɗe tana tsakanin hancinta da haɓarta.

Ta ciro waya, ta shiga wurin da take tara saƙonnin da ba a buɗewa. Na Allura uku ne.

Na farko, mako biyu da suka wuce: “Malama, ki yi haƙuri na karya doka. Abin da babana ke kawowa gida daga wurin wata fasinjarsa shi ne ya fito sau biyu a jere. Ina jin ke ce fasinjar. Don Allah ki riƙa canja batu.”

Na biyu: “Malama, ya sake faruwa. Na tashi daga wurin cin abinci amma muryar Baba har ɗaki take zuwa, abin da kunne ya ji kuma ba ya fita. Ban so in faɗa a zaure ba, kada a ce ke kike fitar da batu. In kin ga dama ki cire min makin makonnin nan.”

Na uku, ranar Juma'a: “Na ga ba kya buɗewa. In batun jera ɗalibai ne gobe, zan faɗi maganarki ta takalmi yadda kika faɗe ta, sannan in faɗi amsar Baba. In kin ji su tare za ki gane.”

Malama ta karanta na ukun sau biyu. Yarinyar ta riga ta fara amsar Baba, kalma huɗu ko biyar suka rage a gane ta, lokacin da Malama ta miƙa hannu ta kashe mata makirufo. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara riƙe alli.

“Ke malama ce,” in ji Baba Direba, “ki gaya min tsakaninki da Allah. Wace irin alƙaliya ce ke yanke hukunci ba ta bari an ƙarasa magana ba? Ko a nan ma za ki kare ta?”

“Ba zan kare ta ba, Baba.” Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. “Ni ce.”

Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi gaban wani kantin magani da ba a buɗe ba tukuna, ya kashe mota. Sannan ya juyo gaba ɗaya ya dube ta, ba ta madubi ba, karo na farko cikin shekara biyu.

“Gasar fa?” ya ce.

“An rufe jiya. Na tura sunan wani.”

Motoci na wucewa suna girgiza tasin.

“Ka kai ni wurinta,” Malama ta ce. “Makaranta ta jira. In ba ta haƙuri da bakina.”

“A ɗaki, ke da ita?” Baba Direba ya juya ya kama sitiyari. “A'a, Malama. Ba a ɗaki kika kira ta ɓarauniya ba.”

A wannan karon ba ta yi musu ba. Ta buɗe zauren a wayarta, inda mutum ashirin da biyu suke, ta nemo lambar da ta cire shekaranjiya ta mayar da ita suka koma ashirin da uku. Ta ƙara Auta a cikin masu gani. Sannan ta fara rubutu da yatsa ɗaya, a hankali: “Wadda ta fitar da batun muhawara mako huɗu a jere ni ce, kuma ga yadda aka yi.”

Baba Direba bai tada motar ba sai da ya ji ƙarar tafiyar saƙon.